Ɗauko Jika Daga Jega a Motar da Ke Sauraron Waya

Mun tashi da asuba daga Ƙofar Rini, ana idar da salla muna rufe ƙofar mota. Mu uku ne: ni, mai ɗakina, sai direba. Jega muka nufa. 'Yarmu ta haihu a can gidan mijinta, namiji, an yi suna lafiya, za mu ɗauko ta ta zo gida wankan jego. Haihuwar fari ce gare ta, jikan fari ne gare mu.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Waɗanda suka san ni a kasuwar albasa za su shaida. Amma tun da na dawo ake tare ni ana cewa sai na ba da labarin hanya. To ga shi sau ɗaya, kowa ya ji, a bar ni in huta.

Tsakiyar bazara ce. Bazarar Sakkwato kuwa na san ta, ta san ni. Ta karɓe mini 'ya'ya suna ƙanana, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Jiki ya yi zafi da safe, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Yarinyar nan ita kaɗai ta tsaya. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan. Shi ya sa da aka ce a sako ta da jaririn a motar haya, a matse su cikin mutane da kaya, na ce ban yarda ba. Na ɗaura wa raina cewa yaron nan zai iso Ƙofar Rini zafi bai taɓa shi ba, in Allah ya yarda.

Akwai wani Alhaji da na daɗe ina yi wa aiki, tun ina ɗaukar buhu a ka har na zama mai tsayawa kan masu loda. Ban taɓa roƙonsa ko allura ba. Ana gobe tafiya na je gidansa a Minanata, na ce, "Alhaji, wagga mota taka mai sanyi nika so, yini guda." Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce ashe ina da baki. Ya ba da mota, ya ba da direba, ya cika ta da mai.

Motar a-kori-kura ce, amma ba irin wadda muka taso muka gani ba, mai karkarwa, ƙofa ɗaure da igiya. Wannan 'yar Kwatano ce, ƙofa huɗu, kujeru gaba da baya, ga buɗaɗɗen baya na kaya. Gabanta duk fitilu ne da rubutun Turanci, ban karanta ko ɗaya ba. Direban ma baƙo ne a kanta. Babbar mota ya saba ja, yana kai albasa kudu, inda in zafi ya dame shi sai ya buɗe taga. Ya ce mini Alhaji ya sa esin, na'urar sanyin nan, a oto, wato ita ke ƙara iska ta rage da kanta. Kuma an ja masa kunne kada ya taɓa komai a wurin, motar ta fi shi sanin aikinta.

Mun ratsa gari kafin ya gama farkawa. Masu shayi sun hura wuta, masu ƙosai suna ɗora kasko, 'yan garuwa sun riga kowa fita da kurarsu. Muna hawa hanyar Boɗinga direba ya ɗaga gilasai. Ba a jima ba sanyi ya cika motar. Mai ɗakina tana baya, ta ja mayafi har hanci.

"Malam," ta ce, "mu anka ɗauko ko nama? Wanga abu ai hirij ne."

Na ce ta yi haƙuri, in rana ta take za ta gode.

Hanyar ba laifi. Wani wuri sumul, wani wuri ramuka a jere kamar an shuka su. Gonaki duk an share, an ƙone kara, ana jiran ruwa. Ƙasa ta bushe har ta tsage. In ka ga kore, to gawo ne ko dogon yaro. Mun wuce raƙuma da kayansu, suna tafiya ba su damu da kowa ba, da jakuna ɗauke da jarkoki za su ɗiban ruwa.

A Shagari muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Na tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in je in tambayi mai wake. Na ji daɗin amsar, na ƙara saye.

Muka wuce Dogon Daji, muka wuce Tambuwal. Tun kafin mu shiga Aliero hancina ya gaya mini mun iso. Albasa ce jibge a bakin hanya, buhu kan buhu, ja jawur, ta bushe yadda ake so. Ban san lokacin da na ce wa direba ya rage gudu ba. Na sauke gilashi ina tambayar nawa buhu.

"Jika muka zo ɗauka ko albasa?" in ji mai ɗakina.

Na ɗaga gilashi. Tana da gaskiya. Amma albasar ta yi kyau.

Da hantsi muka isa Jega. Shirina shi ne mu gaisa, mu loda, mu juyo kafin rana ta yi ƙarfi. Sai dai ban yi shirin da surukai ba. Sun shimfiɗa tabarma, sun kawo ruwa, sun kawo fura mai kauri, sannan tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ce mun karya a hanya. Aka ce wancan na hanya ne, wannan na gida. Na ci. Kifin Jega ba a yi masa gardama.

Uwar mijin 'yarmu tsohuwa ce, Hajiya, mace mai kirki da yawan addu'a. Abu ɗaya ne da ita: in ta fara gaisuwa ba ta san inda ake tsayawa ba. Ta tambayi gida, ta tambayi unguwa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi mutanen da ni kaina na manta suna da rai. Ni kuwa "lahiya lau" kawai nake ta jerawa.

Aka fito da yaron. Ƙarami ne, ja, gashi kwance luf, ya dunƙule hannu kamar mai shirin dambe. Mai ɗakina ta karɓe shi tana rawa da kafaɗa.

"Ga angona ya zo! Malam, sai ka nemi wurin kwana."

Na ce, "Wanga ɗan ƙwace? Ko wando ba shi da."

Aka yi dariya. Na juya na kalli bango na ɗan lokaci. Wani abu ya shiga mini ido.

Sai loda. Nan amfanin a-kori-kura ya fito. Dangin miji sun tara itacen wanka kamar za a dafa wa gari ruwa. Ga buhun gero na kunu, ga kanwa, ga ƙafafun sa, ga ƙatuwar tukunya, ga akwatuna. Ni na tsaya a kan ɗaurin, don ban yarda da igiyar kowa ba.

Mijin yarinyar ɗan kasuwa ne, shinkafa yake sayarwa, yaro mai hankali, sai dai haihuwar nan ta ruɗa shi. Zagaya motar yake ta yi. Can ya karɓi wayar matarsa ya shiga gaba ya yi 'yan danne-danne. Ya ce ya haɗa wayar da motar. In an kira, muryar za ta fito ta sifikar mota, ita kuma ta yi magana daga inda take, hannuwanta biyu na kan yaro. Kowa ya yaba. Ni ma na ce dabara ce mai kyau.

Kafin a gama bankwana rana ta kusa tsaka. Ina gaba tare da direba. Mai ɗakina da mai jego da jariri suna baya. Esi na hurawa da ƙarfinta. Na ce alhamdu lillahi.

Ba mu fita Jega ba motar ta yi ƙara. Yarinyar ta danna wayarta. Sai ga muryar mijin ta fito daga cikin ƙofofi.

"Salamu alaikum. Kun kai ina?"

Mai ɗakina ta zabura. "Bisimillahi! Ina shike? Bayan mota ya hau?"

Har direba sai da ya riƙe ciki. Muka ce masa ko gidan mai na bakin gari ba mu wuce ba. Ya ce a yi a hankali. Ya tambayi yaro. Aka ce yaron da ya bari yanzu, shi ne dai. A lokacin na ji iska ta yi ƙasa, ƙarar fankar ta kwanta. Ban kawo komai a raina ba. An ce ita ke sarrafa kanta.

Daga nan kira ya ɓalle. Duk wanda bai samu zuwa suna ba, ranar ya tuna. Ƙawayenta na makaranta. Gwaggonta ta Birnin Kebbi. Maƙwabtan Ƙofar Rini masu son jin ko a ɗora ruwan zafi. Kowa da barkarsa, kowa da "an samu kai lahiya?", kowa sai ya nemi a ba shi kakar yaro ita ma ya yi mata barka. Ba sai an miƙa waya ba, duk motar ta zama zaure. Wannan na sauka wancan na hawa. Abin da daɗi, ban ɓoye ba. Na daɗe ban ji gidana cikin bakin mutane da alheri haka ba.

Amma kafin Aliero rigata ta manne a bayana. Na sa hannu a bakin ramin da iska ke fitowa. Tana fitowa, sai dai kamar numfashin mara lafiya. Mu na gaba muna ɗan samu. Na baya sai abin da ya rage, ga rana na dukan gilashi ta gefensu. Na waiga. Goshin mai jego ya jiƙe. Mai ɗakina, wadda ta ce da safe an sa ta a firij, ta cire mayafi tana yi wa yaro fifita da shi. Ta riga ta cire masa hula da safa da ta sa masa da hannunta.

Na ce wa direba, "Mi ya hwaru?"

Ya ce gas ne ya kusa ƙarewa, haka suke yi. Ya sauke gilashi kaɗan. Iskar da ta shigo kamar an buɗe bakin tandar burodi. Ya mayar da sauri.

Ya ce bari ya kira makanikin Alhaji. Wayarsa ba kati. Ya karanta lambar, yarinyar ta kira da tata. Muryar makaniki ta cika mota.

"Yanzu tana hurawa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Wata wayar wuta ce ta saki daga ciki. Bugi ƙasan wurin da tahin hannu."

Direba ya buga. Shiru. Ya ƙara bugawa. Shiru.

"To in kun kai Tambuwal ku nemi mai esi shi duba."

Aka yi sallama. Ana ajiye waya iska ta taso da ƙarfi, fuu, har takardar da ke gaban gilashi ta tashi. Direba ya dube ni yana murmushi.

"Ka gani, Baba? Bugun ya yi. Sai da ya ratsa ta."

Daga nan aikinsa ya zama biyu. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya na dukan mota. Da an kira, iska ta faɗi, ya hau bugu. Yana bugu ana gaisuwa. In gaisuwa ta ƙare iska ta dawo, ya ce, "Yauwa, ta ji." Mu huɗu manya a motar, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Kunnenmu na kan masu barka, idonmu na kan yaro. Kafin Tambuwal tafin hannunsa ya yi ja.

A Tambuwal muka sami mai esi a gindin wata bishiya. Matan wani gida da ke kusa suka hango jariri, suka fito suka ja mai jego da uwarta zuwa cikin zaure mai sanyi. Ba su san mu ba. Suka ba su ruwan randa, suka yi barka, wata tsohuwa har da tofa wa yaron addu'a. Irin wannan ba a saye a kasuwa.

Mai esi ya buɗe gaba, ya sa na'urarsa, ya shiga ya zauna, ya rufe ƙofa. Ya daɗe a ciki. Ina jin daɗin zaman ne ya riƙe shi. Da ya fito ya ce, "Baba, wagga mota lahiyarta lau. In ka bar ruwa cikinta ƙanƙara za shi zama." Na shiga na ji da kaina. Gaskiya ya faɗa. Ya ƙi karɓar komai, ya ce ladan jariri. Na sayi kankana na raba da shi. Zaƙinta ya kai, kuma ita kaɗai ce abin da na saya a tafiyar nan ban yi tsaki ba.

Bayan Tambuwal muka shiga wani yanki da ba sabis. Waya ta yi shiru. Nan ne muka sha daɗin tafiyar. Sanyi ya zauna daidai, ba yawa ba kaɗan. Yaro ya sha nono ya yi barci. Mai ɗakina tana yi masa waƙar da ta ƙirƙira a nan take, wai angonta zai saya mata mota mai magana. Direba ya ba mu labarin wata gada a kudu da ya kwana a kanta da albasa tana tsiro a buhu. Mai jego ta yi dariya har tana riƙe ciki tana cewa a bari. Na jingina kai. Na ce a raina mai esi ya taɓa wani abu ne bai faɗa ba.

Wajen Shagari sabis ya dawo, kira ya dawo, zafi ya dawo, bugu ya dawo. Na ce wa direba ya taka, saura kaɗan. Ya taka.

Muna shigowa Sakkwato muka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ce ta mutu a tsakiyar hanya, an bar siririn wuri ana bi ɗaya bayan ɗaya. Masu keke mai ƙafa uku da 'yan kabu-kabu kan baburansu sun cusa kai ta ko'ina. Ba gaba, ba baya. Azahar ta yi. Kwalta na tururi. Rana ta tsaya a kan rufin motar kamar da mu kaɗai ta zo.

A nan Hajiya ta kira.

Yarinyar ta gyara zama, ta rage murya, kamar tsohuwar na gabanta. "Ina wuni, Inna."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kun sauka? Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya mai sunan Malam? Ya sha? Ki riƙa ba shi, kada ki jira sai ya yi kuka. Ina Innarki? Hajiya, ina gajiya? Sannunku da ɗawainiya. Allah shi saka. Ina Malam?"

Muka amsa ɗaya bayan ɗaya. Iska ta kwanta. Direba ya ɗaga hannu zai buga, ya tuna babba na magana, ya sauke.

Ta gama gaisuwa ta shiga bayanin wanka. Ganyen da za a sa, da yadda ruwa zai tafasa, da yawan kanwar kunu. Daga nan ta shiga addu'a. Addu'a mai kyau, ta kama tun daga kakanni. Muna ta amin. Gumi na ɗiga daga haɓata.

Na waiga. Yaron ya yi ja sosai. Ba kuka yake ba. Da kuka yake da hankalina bai tashi ba. Ya saki hannun nan da ya dunƙule, yana numfashi sama-sama. Uwar ta kai masa nono, ya kau da kai. Ta dube ni. Idonta ya cika. Bakinta kuwa "amin, Inna" yake cewa, don ba a yi ɗiyar da za ta katse uwar mijinta tana tsakar addu'a ba. Na san wannan kallon. Na taɓa ganinsa a fuskar uwarta.

Hannuna na kan ramin iska. Sai muryar Hajiya ta yanke a tsakiyar kalma, sabis ya ɗauke. Nan take iska ta bugi tafina da ƙarfi. Ba wanda ya bugi komai. Kafin in buɗe baki motar ta sake ƙara, yarinyar ta danna.

"Ya katse. To, ina cewa..."

Iska ta kwanta a hannuna, kamar an ce mata yi shiru.

Na ce, "Wayar ce."

Direba ya ce, "Na'am?"

"In ana magana, motar ragewa takai. Sauraro takai."

Ya dubi hannunsa ja, ya dubi motar.

Saura wa zai kashe. Na dubi yarinya, ta sunkuyar da kai. Na dubi uwarta, ta girgiza kai, surukuwa ce, da wane ido za su haɗu. Na dubi direba, ya ce a hankali, "Baba, ba ni ciki." Hajiya kuwa ta kai kan roƙa wa yaron mata ta gari.

Na ce, "Hajiya."

"Na'am, Malam?"

"Jikanki na jin zahi. Maganarki ce ke kashe muna iska. Zan kashe waya."

Sai ta ce, "Subahanallahi! Maganata? To ku kashe mana, mi kuke jira? Ku yi haƙuri, wallahi ban sani ba. Yaya za a yi magana ta kashe iska? Ikon Allah. Ɗiyata, ki tuɓe mashi riga. Hajiya, ki yi haƙuri. Malam, ka gahwarce ni, ka san tsuhwa..."

Na miƙa hannu baya na karɓi wayar. Ban iya karatu ba, amma na san ja. Na danna ja. Na riƙe gefenta har ta mutu gaba ɗaya, na sa ta a aljihuna.

Iska ta taso. Direba ya juya duk ramukan suka kalli baya. Mai ɗakina ta jiƙa gefen zane da ruwa tana goga wa yaron wuya da ƙafa. Ni dai ina kallon ƙirjinsa. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya motsa, ya yamutsa fuska, ya buɗe baki ya tsala kuka. Kuka mai ƙarfi, na mai jin haushi. A rayuwata ban ji abin da ya kai shi daɗi ba. Uwar ta kai masa nono, ya cafke kamar an yi masa ƙwace.

Mai ɗakina ta fashe da dariya tana share ido. "Malam, ka kashe wa Hajiya waya. Tsakar addu'a!"

Na ce, "Na ce amin cikin raina."

Direba ya kifa kai a sitiyari yana dariya har ya danna oda. Na gabanmu ya leƙo yana masifa. Muka ɗaga masa hannu.

Aka janye babbar motar, hanya ta buɗe. Muka bi ta cikin gari a hankali, gilasai a rufe, sanyi a ciki, masu mangwaro da masu ruwan leda na bin mu da ido. Muna karyo kwanar layinmu a Ƙofar Rini mata suka fito. Guɗa ta tashi. Aka rufe mai jego da mayafi aka shige da ita. Maza suka hau sauke itace, kowa na cewa wannan ai na wankan mutum uku ne. Akwai wata maƙwabciyarmu mai aikin asibiti, na aika aka kira ta. Ta duba yaron sosai, ta ce ba komai, zafi ne ya taɓa shi kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a bar tula masa kaya. Ta faɗi na ƙarshen tana kallon mai ɗakina.

Da la'asar muka mayar da mota Minanata. Direba ya ba Alhaji labari, har da nuna hannu. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ai ba lalacewa ba ce, wanda ya sayar masa ya taɓa faɗa masa. Masu ƙera ta ne suka yi ta haka. In kira ya shigo ta sifika, sai ta rage fanka don kada ƙarar iska ta hana a ji juna. In an gama ta mayar. Wanda bai so, sai ya cire ta daga oto ya ƙara iskar da hannunsa.

Direba ya ce, "Alhaji, kai ka ce kada in taɓa."

Alhaji ya ce, "Na ce. Ni ban taɓa jin zahinta ba. Wayata ba ta wuce 'Nawa? Loda.'"

Na dawo gida kafin magariba. Ina zama a dakali 'yar ƙaramar wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Na gyara murya, na shirya karɓar faɗa.

Ta ce, "Malam, tun da anka yi waya ba a taɓa kashe mani ba. Yaya yaron?"

Na ce, "Shina barci. Lahiya lau."

Ta ce, "To ka yi daidai. Da ka bar ni, da ban yahe maka ba." Sannan ta ɗauko addu'ar daga inda ta tsaya. Na miƙe ƙafa na bar ta ta kai ƙarshe.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Motar nan tana da ladabi, ta san in ana magana a yi shiru. Amma an ƙera ta ne don mutanen da gaisuwarsu gajera ce, a ƙasar da rana ba ta kisa. Mu nan gaisuwarmu doguwa ce, ranarmu kuma kun san ta. In kun ɗauko jariri ko tsoho ko mara lafiya a irin wannan mota cikin bazara, ku raba waya da mota, ko ku koyi inda ake ƙara iska da hannu tun kafin ku tashi. In kuma ta kama a katse babba, a katse shi. Babban kirki zai gane.

Da na gama da Hajiya na shiga ciki. Tukunya na kan wuta a tsakar gida, hayaƙin itacen Jega ya cika ko'ina, mata na ta surutu. Yaron na kwance a ɗakin kakarsa, daga shi sai ɗan zane. Na durƙusa na sa bayan hannuna a wuyansa. Sanyi ƙalau. Na bar hannun a wurin har aka kira salla.